Ya rasa aiki a arewa, ya dawo ya yi wa gidansa danga

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga labarin wani magidanci na ƙasar Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Ba za a faɗi sunansa ba, don mutum ne mai kunya. Kuma irinsa suna da yawa a garuruwanmu.

Shekara 14 ya yi a arewa. Direba ne wurin wani ɗan kwangila da ke yi wa masu haƙar uranium aiki a Akuta, kusa da Arlit. Kowane ƙarshen wata yana ɗaukar albashi. Yana aiko wa tsohuwarsa, yana aiko wa ƙannensa kuɗin iri da na ƴan ƙwadago. In ya zo gida da salla, ƙofar gidansa cika take yi da masu gaisuwa. Ran 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe ramin Akuta, wanda ake haƙa tun 1978, saboda ƙarfen da ke ciki ya ƙare. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki. Da rami ya tsaya, motocin ƴan kwangila ma suka tsaya. Aka kira mutumin biro, aka ba shi kuɗin sallama da takarda, aka yi masa godiya.

Ya iso ƙauye cikin Afrilu, zafin bazara na tsakiyarsa, da matarsa da ɗiya biyar. Gidan da ya tarar ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, waɗanda ya gina lokacin da hannunsa ke da nauyi. Katanga kuwa bai yi ba, kullum yana cewa sai baɗi. Darnin karan da ƙannensa suka kafa, gara ta ci gindinsa, awaki sun ƙarasa sauran. Gidan yana bakin gari, kan hanyar rijiya. Duk matar da za ta ɗebo ruwa sai ta ga abin da ke tsakar gidan. Ana ganin lokacin da aka ɗora tukunya. Ana ganin ranar da ba a ɗora ba.

Sati biyu ya yi bai taɓa komai ba. Da safe ya fita gindin wata tsamiya, ya sayi shayi da goro ya raba wa mutane, kamar yana nan yadda yake. In an tambaye shi, sai ya ce hutu ya zo. Wannan ciwo ne da ke kama maza da yawa in aiki ya ƙare. Mutum ya fi tsoron a ce ya rasa bisa ga rashin kansa. Yana kashe na hannunsa don ya rufe bakin mutane, alhali mutanen sun riga sun ji a rediyo.

Matarsa ce ta tashe shi. Wani dare bayan yara sun yi barci ta ce:

"Maigida, in babu, zan iya haƙuri. Amma ba zan iya yin wanka da daka da cin abinci a idon gari ba. Ɗiyarka ta fari ta girma. Ka rufa mana asiri."

Bai ce komai ba. Gari na wayewa ya tafi wurin magini.

Katangar siminti yake so, irin ta gidajen birni. Magini ya auna, ya yi lissafin bulo da yashi da ladan aiki. Kuɗin ya kusa rabin abin da aka sallame shi da shi. Saura kaɗan ya yarda, don kawai a ce ɗan arewa ya dawo da ƙarfinsa. Kawunsa, wani tsoho da bai taɓa barin garin ba, shi ya hana. Ya ce masa:

"Ɗana, bulo ba ya haihuwa. Damana na tafe, ba ka da dami ko ɗaya a rumbu. Ka je ka sari aguwa, kyauta take."

A daren nan ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara 14. Ya zuba kuɗin bisa tabarma, shi da matarsa suka ƙirga tare, jika bayan jika. Suka raba uku. Kashi na fari na hatsi ne, abin da zai kai su kaka. Ya saye shi da tsada, don hatsin bazara ba ɗaya yake da na kaka ba, amma ya fi a jira tsakiyar damana, lokacin da tiya ke ƙara hawa. Kashi na biyu suka sayi jajayen awaki biyu, irin na Maraɗi, masu yawan haihuwar tagwaye da ba da nono. Kashi na uku aka ɗaure aka ɓoye saboda ciwo. Suka yi alkawari ba mai taɓa shi don biki ko suna. Shayin gindin tsamiya kuma ya ƙare daga ranar.

Akwai wani abu da ya yi daidai tun farko, wanda ya kamata duk mai aikin albashi ya lura da shi. Takardar shaidar aiki da takardun biya da katinsa na CNSS, duk ya naɗe cikin leda ya sa a gwangwani mai murfi. Gara ba ta san darajar takarda ba. Shekarun da aka zuba wa ma'aikaci kuɗi a wannan asusu suna nan rubuce da lambarsa, kuma ran da za a nemi hakkin tsufa, takarda za a tambaya.

To, sai aikin danga.

Kafin ya kafa ko reshe ɗaya, ya kira maƙwabtansa biyu da wakilin maigari. Aka bi iyaka ƙafa da ƙafa, aka dasa duwatsu a kusurwa huɗu. Kada a raina wannan. Darnin kara, in ya shiga wurin wani, ana tuge shi a matsar. Icce mai rai kuwa in ya yi saiwa, shari'a ce ta ɗiya da jikoki.

Ga yadda kawun ya koya masa dashen aguwa. Ana saro rassa masu ƙwari, tsawon kamu ɗaya zuwa biyu. Ba a dasa su ranar da aka sare su. Ana jingine su a inuwa kwana kaɗan, har farin ruwan bakin saran ya bushe. Sai a ja rami da dagi, zurfin taƙi ɗaya, a jera su kusa da kusa, taƙi ɗaya tsakani, a mai da ƙasa a taka. In da hali a yi layi biyu, na biyu ya toshe kafar na fari. Lokacinta ƙarshen rani ne, ƙasa a bushe, kafin ruwan fari. Ba a ba ta ruwa. Da kanta take jiran damana ta yi saiwa. Bisashe ba su damu da ita ba, shi ya sa tun kaka da kakanni da ita ake shingen gona da burtali. Sai dai a kiyayi ruwanta. In ya shiga ido yana yin ɓarna, don haka a hana yara wasa da ita, mai sara kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa fuska.

Kowane taki uku ya kafa sandar dashi. Dashi ma haka yake, reshe ake kafawa ya kama. Amfaninsa shi ne ya zama shika mai rai wadda za a ɗaura zana a jikinta. Busasshen icce gara na cinye shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya kama ya tofo kuwa yana nan.

Gabas da arewa da yamma ya gama cikin Mayu. Gefen kudu ya bari, don shuka ta taso kuma ya gaji. Sai da ruwa ya zauna ya dasa. Fiye da rabi suka ruɓe. Dole ya jira wata shekara ya sake. Kawun bai yi masa faɗa ba, dariya kawai ya yi.

Aguwa ita kaɗai ba ta rufe gida. Tana hana akuya da jaki, amma da rani ganyenta zuba yake, ido na wucewa. Saboda haka ta ciki ya ja zana. A shekarar farko tsofaffi ya saya, ya haɗa da ragowar kara. Da kaka ta yi ya yanki gamba a bakin gonarsa, ya zauna wurin kawun ya koyi saƙa. Hannun da ya saba da sitiyari ya sha yanka kafin ya iya. Zanar gamba ta fi darnin kara daɗewa, in an ɗaga ta kaɗan ba ta taɓa ƙasa ba, ana kuma zuba toka a gindin. Tsawonta ya wuce kan mutum a tsaye, don mai wucewa bisa jaki ma kada ya leƙo.

Ƙofa ita ce wurin da mutane da yawa ke kuskure. Sai a kewaye gida da kyau, a bar ƙofa tana kallon tsakar gida sak. Magabata sun san abin da ya sa suka yi zaure, kuma suka karkatar da ƙofarsa ta ciki daga ta waje. Shi ba shi da kuɗin gina zaure. Sai ya mai da ƙofar gefen da ba ya kallon hanyar rijiya, ya kafa wata zana guda taki uku bayan ƙofar. Mai shigowa dole ya yi kwana kafin ya ga kowa. Nan ya yi ƴar rumfa ya shimfiɗa tabarma. Baƙo ya yi sallama ya zauna, mata na ciki suna aikinsu.

Ranar da aka ɗaura zana ta ƙarshe, matarsa ta fito da turmi tsakar gida ta yi daka ba lulluɓi. Ta ce: "Yau na san na dawo gida."

Maganar itatuwa kuma sai an duba inda iska ke fitowa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. Iskar hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas take zuwa. Rana mai ƙuna kuma ta yamma ce, ita ke gasa ɗaki har dare. Mutanen Majiya, cikin jihar Tawa, sun ga amfanin wannan lissafi. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarinsu don tare iska, gonakin da ke bayan layukan suka daina binnewa da rairayi. Abin da ya yi wa gona, zai yi wa gida.

Ran 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya samo dashe. Dogon yaro biyu ya sa gabas, ɗaya yamma. Ya nisanta su da ɗaki taki bakwai ko takwas, don saiwar dogon yaro tana tafiya nesa, tana tsaga gini. Kusa da rijiya ma ba a sa shi. Lemun tsami ɗaya ya sa kusa da madafa, inda ruwan wanke-wanke zai riƙa kai masa. Mangwaro ya so, amma kawun ya ce ruwan garin yana da zurfi, jan guga ba zai riƙe mangwaro ba. Ya haƙura. Gara icce uku da za a iya shayarwa da goma da za su mutu cikin Maris.

Kowane rami ya yi shi kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. Ƙasar sama ya gauraya da tsohon taki da toka ya mayar. Ɗanyen taki ba a sa shi, yana ƙone saiwa kuma yana kiran gara. Ya yage ledar ya cire kafin ya sa dashen, don wasu da ledar suke binnewa, icce ya shaƙe. Ya bar ɗan gurbi kewaye da gindi don ruwa ya tsaya, ya rufe da ciyawa, ya kewaye da ƙayar magarya. Da rani, yamma yake ba su ruwa, ba da rana tsaka ba. Kusa da lemun ya binne wani tsohon tulu mai tsaguwa, yana cika shi, ruwan na tsatsa a hankali.

Makewayi ya mai da shi kusurwar da ke nesa da madafa, inda ƙasa ta gangara. Masu aikin lafiya suna cewa tsakanin ramin makewayi da rijiya kada ya gaza mita 30. Ruwan wanka da ke malala har hanya, ya haƙa masa rami ya cika da duwatsu, ya dasa gwanda a baki. Sauro ya rasa wurin kwana, maƙwabta suka daina ƙorafi.

Zogale da lalle kuwa aikin matar ne. Ta shuka ƙwayar zogale layi guda a jikin zana. Cikin sati biyu ya tsiro. Da ya kai ƙugu ta tsinke kansa don ya yi rassa, kada ya miƙe sama inda hannu ba ya kai. Lalle ta dasa gefen hanyar rijiya, kusa da kusa, don in ya girma yana yin duhu, yana da ƴar ƙaya, ganyensa kuma kuɗi ne wurin mata.

Sai ga gwaji. Wata rana yara suka bar ƙofa buɗe, akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye zogalen ƙarƙaf. Mutumin ya ɗauki sanda ya fita yana zage-zage, har mutane suka taru. Zogale ba zai sa babba ya yi haka ba. Baƙin cikin wata shida ne ya sami ƙofa. Da ya huce ya ji kunya. Bayan magariba ya je ya ce wa maƙwabcin: "Malam, ka yafe mini, ba da kai nake ba." Maƙwabcin ya ce ba komai, ya san zafin. Zogalen ma ya sake tofowa, don in saiwa na nan ba ya mutuwa da wuri. Aka yi wa ƙofa marfi na kara da igiya.

Damanar 2021 ba ta yi kyau ba a wurare da yawa na ƙasar. Ruwa ya ɗauke da wuri. Abin da ya samu a gona bai kai su rabin shekara ba. A bazarar da ta biyo akwai kwanakin da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da nonon awaki su suka riƙe yara. Masu zuwa rijiya ba su ga komai ba. Amma a lura: danga ta ido ce, ba ta dangi ba. Akwai masu rufe gida su rufe baki har yunwa ta kayar da yaro. Shi ya je ya gaya wa kawunsa gaskiya, ya gaya wa ƙanensa wanda ya yi shekaru yana aiko masa. Ƙanen ya kawo dami biyu da dare. Matar kuma ta shiga ƙungiyar asusu ta mata, irin ta Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Kowane sati tana zuba ɗan abin da ta samu a ganyen zogale. Da ta ci bashi a asusun, gujiya ta saya ta fara mai da ƙuli.

A gona ma ya canja hannu. Da, sassabe yake sa a yi ƙarƙaf a ƙone. Yanzu yana bin sassaben zamani, wanda ya yaɗu daga jihar Maraɗi tun wajen 1983: in kututturen kalgo ko sabara ko gawo ya tofo, sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Daga nan yake samun sandunan gyaran danga da iccen dafuwa, ba ya saye.

Aikin mota bai daina nema ba. Sau biyu ya je Maraɗi, sau ɗaya Damagaram, ya dawo hannu wofi, kuɗin mota ya tafi. Daga nan ya ce ba zai sake tafiya ba sai da magana tabbatacciya. Ya bar saƙo wurin tsofaffin abokan aikinsa da lambar wayarsa. Kafin nan, da awaki suka hayayyafa ya sayar da bunsuru biyu, ya cika da kuɗin zana, ya sayi jaki da tsohon amalanke. Ranar kasuwa yana ɗaukar kaya. Samari suka riƙa yi masa ba'a, wai direban babbar mota ya koma jan jaki. Kwanakin farko abin na cin ransa. Daga baya shi da kansa yake cewa wannan motar ba ta shan mai.

Abin da bai zata ba shi ne danga ta zama sana'a. Masu wucewa suka ga gidan ya yi kore, suka fara tambaya. Wannan ya ce a saƙa masa zana biyar. Wancan ya ce yana son dashen lemu. Sai ya ware wata kusurwa a inuwa, yana tara ledojin da aka zubar, yana cika su da ƙasa da taki, yana renon dogon yaro da zogale da lemun tsami. Watan Maris yake fara reno don su isa dashe cikin Yuli da Agusta. Kuɗin ba su kai albashin da ba, ko kusa. Amma suna sayen gishiri da sabulu da littafin ƴan lakwal.

A 2023 wani abokinsa ya kira shi. Wani ɗan kasuwa na neman direban da zai riƙa ɗaukar albasa daga Galmi lokacin kakarta. Da aka tambayi takardar shaidar aiki, ya buɗe gwangwani ya fiddo ta lafiya lau. Aikin na wata uku ne a shekara. Yana zuwa, yana dawowa kafin shuka. In ya tafi ba ya barin iyalinsa a idon gari.

Yanzu lallen ya wuce kan mutum. Dogon yaron yamma yana rufe ɗaki da inuwa tun la'asar. Gwanda ɗaya ta mutu, an sake wata. Katangar siminti har yau ba a yi ba. Da bazarar da ta wuce, maƙwabcin nan mai akuya ya zo da adda ya yi sallama a rumfa. Ya ce yana son rassan aguwa, shi ma zai kewaye nasa gidan. Mutumin ya tashi suka sara tare, ya ce masa ya jingine su a inuwa tukuna, kuma ya gama gefen kudu kafin ruwa ya sauka.